Yadda Na Tafi Koyon Japananci, Abbanku Ya Zauna

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakinku, ku 'ya'yana, har ta fara sauka bakin jikoki. Wai Abbanku mutum ne da bai damu da neman girma ba, shi ya sa sa'o'insa suka zama daraktoci a Dutse, shi kuwa ya yi ritaya yana malamin gona a Birnin Kudu. Na san cikin ƙauna kuke faɗa, amma ba haka abin yake ba. Shi, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gyara muku ba. Ni kuma idona ya fara gajiya da karatu, don haka gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iyawa.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Ina koyar da Turanci a firamare, Abbanku yana yawon ƙauyuka a kan babur yana nuna wa manoma iri da taki. Ku biyu ne kawai, Ummi da Nura, Auta ba a haife shi ba. Nura kuma kun san yadda ciwon sikila ya wahalar da shi yana ƙarami, wata bai cika wucewa ba mu kwana asibiti ba. A wannan shekarar ce aka kawo wasu baƙi aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, a cikinsu akwai wata mata 'yar ƙasar Japan, ma'aikaciyar lafiya, mai suna Ayako. Aikinta shi ne shiga gidaje ta yi wa mata bayanin tsaftar ruwa. Ba ta jin Hausa, Turancinta ma sai a hankali, sai hedimastanmu ya ce in riƙa raka ta bayan an tashi daga makaranta. Matan gari ba su wahalar da kansu da sunanta ba, suka yanke shi suka ce Malama Aya, ita ma da aka nuna mata aya a faranti aka ce sunanta ke nan, ta tauna ta ce ta yarda.

Ranar farko da muka shiga gidan wani dattijo, tun daga zaure na ga ta cire takalmi ta jera su, ta rusuna, ba wanda ya gaya mata. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce haka suke yi a gida. Da za mu rabu da yamma ta ɗaga mini hannu ta ce, “Mata ne.” Na waiga in ga waɗanne mata take nufi, ba kowa a layin sai akuya. Ashe a harshensu sai an jima ke nan. Dariyar da muka yi ranar ita ce mafarin komai. Daga nan muka yi ciniki, in ba ta Hausa ta ba ni Japananci. Kullum sai mun tono wata kalma da ta zo ɗaya da tamu amma ta nufi wani wuri. Na ce mata garinmu Sara, ta ce su faranti suke kira haka. “Kuma” a wurinsu wata dabbar daji ce mai gashi. “Haka” kabari ne, shi ya sa duk lokacin da na ce haka ne sai ta ɗan zabura.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya kama ni ba. Na koyi Turanci da bulala, na koyi Larabci don addini, amma wannan harshen ba wanda ya sa ni, ba jarrabawa, ba albashi, kawai daɗinsa nake ji. Bakina ma bai sha wahala ba, domin wasulansu biyar ne irin namu, suna ja suna gajartawa kamar yadda muke bambanta gari na mutane da gari na tuwo. Ta rubuta mini baƙaƙensu na farko a bayan kalanda, na manna a bangon madafa. Ina tuƙa tuwo ina karantawa, har na taɓa ƙona miya, Abbanku ya ci abinsa, sai da ya wanke hannu ya tambaye ni yadda ake cewa ƙauri da Japananci.

Kafin aikinsu ya ƙare ina iya gaishe ta, in tambaye ta lafiyar iyayenta, in ba ta ɗan labari. Ita ce ta gaya mini cewa gwamnatinsu tana ɗaukar malaman makaranta daga wasu ƙasashe su je jami'a su karanci harshen da al'adun ƙasar, shekara ɗaya da rabi, komai a kansu. Ta ce jarrabawa ake yi a Legas. Na yi dariya, na ce ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Amma da na koma gida maganar ta ƙi barina. Na gaya wa Abbanku ina ɗauka zai yi dariya shi ma, sai ya ce in je in gwada, ai gwaji ba tafiya ba ce. Yayana Sule ya raka ni a doguwar mota. A ɗakin jarrabawar ni kaɗai ce mai mayafi, kuma da wani ɗan Japan mai furfura ya tambaye ni da harshensu daga ina nake, na amsa masa, sai ya cire tabarau ya sake kallona. Tun a nan jikina ya ba ni.

Sakamakon ya zo da farkon damina. Masinjan ofishin ilimi ne ya same ni a aji ya gaya mini an ɗauke ni. Ban san lokacin da na bar alli a ƙasa ba. Na yi ta sauri zuwa gida, mayafi yana zamewa ina gyarawa, ina gaida mutane da Japananci ban sani ba. Na tarar da Abbanku ya riga ni dawowa, yana zaune a kan tabarma bai ko cire hular kwano ba, fuskarsa cike da fara'a. Kafin in buɗe baki ya ce yana da albishir. Kwas ɗin nan na shekara biyu a Zariya, wanda ya yi shekaru yana nema, wanda in ba ka yi shi ba ba za ka wuce matakin da yake ba, an sa sunansa. Bayan kaka za su tafi. Ni ma bayan kaka zan tafi.

Muka yi wa juna barka. Nura yana kwance a ɗaki ranar, ƙafarsa tana ciwo.

Maganar ba ta kwana biyu ba ta isa Gwaram, garinsu Abbanku. Kakarku Inna, mahaifiyar Abbanku, ta aiko a ce mu zo ranar kasuwa. Muka hau babur mu biyu, hanya duk taɓo, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Mun tarar an cika tsakar gida. Baffanku Idi, wan Abbanku, shi ya fi kowa magana. Ya ce shi bai ga abin shawara a nan ba, namiji ya sami hanyar ci gaba, mace kuma tana son ta ƙetare duniya ta koyo yaren da ba mai jinsa daga nan har Kano. Ya tambaya, in ta dawo da wa za ta yi shi, da injin ban ruwa? Aka yi dariya, ni ma na yi, don bai faɗi ƙarya ba. Inna kuwa ba ta tsaya kan wannan ba. Ta ce ita in don ta ita ce, kowa ya tafi, a kawo mata yaran ta riƙe. Amma duk mun san ba zai yiwu ba. Nura yana bukatar asibiti kusa da wanda ya san ciwonsa, in ya tashi masa ba ya jiran a nemo mota daga Gwaram. Dole ɗayanmu ya zauna.

Daga nan muka wuce Sara wurin mahaifina, Baba Malam. Shi na fi tsoro. Muka same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida ya dawo daga gona. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, inda zan kwana, ko mata ne zalla, abin da zan ci, ko za a bar ni in yi salla a kan lokaci. Na amsa abin da na sani. Sai ya ce in gaishe shi da yaren ya ji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce to in ƙawata ce fa? Na faɗi wata gaisuwar daban, gajeriya. Na yi masa bayani cewa su maganar da ake yi wa babba daban take, har kalmar ci da ta zuwa sai an canza, mutum ya ƙasƙantar da kansa ya ɗaga wanda yake gabansa. Ya daɗe yana shafa gemu.

“Mutanen da suka ware wa manya harshe, ba a rasa tarbiyya a wurinsu ba,” in ji shi. “Ni ban hana ba. Amma Rabi, ba a hannuna kike ba yanzu. Ga mai maganar nan zaune.”

Muka yi masa sallama muka tashi. A hanyar komawa hadari ya taso, muka fake a wata rumfar masu rake a bakin titi. Ni a raina na riga na haƙura. Na shirya yadda zan faɗa masa, cewa ya tafi Zariya, ni ai na ga Legas, ya isa. Na fara magana ke nan ya katse ni.

“Rabi, Zariya tana nan, ba inda za ta. Ko baɗi ko baɗin baɗaɗa zan sake nema. Naki kuwa in ya wuce ya wuce. Ni ban taɓa son wani abu yadda na ga kina son wannan ba. In kika zauna, zan riƙa ganinki a madafa kina kallon kalandar nan, ba zan iya ba.”

Na ce masa mutane za su yi magana. Ya ce ai sun riga sun fara, gara a ba su abin faɗa mai yawa. Washegari ya je ofis ya ce a ba wani gurbinsa. Baffanku Idi ya yi wata da watanni ba ya taka gidanmu. Inna kuwa ta tattaro kayanta a buhu ta dawo Birnin Kudu, ta ce ɗanta bai iya kitso ba, ba za a bar mata jika da kai kamar sheƙar tsuntsu ba. Ita ta daka mini kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, ta ƙulle a leda ta cusa a akwatina.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba, kun sha ji. Jami'ar tana wani gari ne a arewacin ƙasar, tsakiyar gonakin shinkafa, duwatsu sun kewaye shi. An sauke ni a gidan kwanan ɗalibai mata, ɗakina yana kusa da na wata 'yar ƙasar Malesiya mai suna Nuraini, wadda ta nuna mini alƙibla tun kafin in ajiye jaka. A ajinmu akwai mutanen ƙasashe iri-iri, yawancinsu na girme su. Malamarmu wata 'yar tsamurmurar dattijuwa ce, Malama Mori, ba ta yarda a yi ko kalma ɗaya ta Turanci a ajinta.

Makonnin farko kamar a mafarki na yi su. Turawan ajin suna ta fama da ja da gajartawa, mutum ya so ya ce goggo sai ya ce kaka, don bambancin ɗan jan wasali ne kawai. Ni kuwa kunnena ya saba tun daga gida. Ranar da aka zo kan kalmar “ame”, wadda in ka ɗaga farkonta ruwan sama ce, in ka ɗaga ƙarshenta alewa ce, na ɗaga hannu na ce mu ma muna da irinta, kuka na hawaye da kuka ta miya. Malama Mori ta sa na fito gaban allo na yi ta faɗa ana maimaitawa. Ku yi tunanin ɗaki cike da Turawa da Sinawa suna cewa kuka, kuka, ni 'yar Sara ina gyara musu. Da na koma ɗaki na rasa wanda zan ba labari, sai na ɗauko rediyo na yi wa Abbanku kaset guda.

Amma kada ku ɗauka haka aka tafi. Da aka shiga rubutun da suke kira kanji, inda kowace kalma take da zanenta, sai na koma ƙarshen aji. Na farkon suna da daɗi. Dutse tsini uku ne, kogi layi uku masu gangarowa, gonar shinkafa kuwa murabba'i ne an raba shi huɗu, sak fangalin da Abbanku yake zana wa masu noman rani a ƙasa. Daga nan sai suka fara hawan juna, zane a kan zane, kowanne da karatu biyu ko uku. Sinawan ajin sun san su tun suna yara. Ni jarrabawar farko na faɗi warwas, na je banɗaki na yi kuka na hawaye. Na tuna abin da aka bari saboda ni, na ce wallahi ba zan koma da wannan ba. Sai na koma yadda aka koya mana a makarantar allo. Na sami wani ɗan farin allo, in rubuta, in karanta da ƙarfi ina rangaji, in goge, in sake. Nuraini ta ce tana jiyo ni ta bango kamar mai tilawa. Kafin dusar ƙanƙara ta narke na dawo tsakiyar aji, kuma ranar da na karanta allon tashar jirgin ƙasa da kaina, ba tare da na tsaya ba, na yi tsaye a wurin ina murmushi har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya.

Darasin al'ada shi ne hutuna. An kai mu koyon shan shayinsu na gargajiya, inda ake zama a kan ƙafafu a naɗe har a gama. 'Yan ajinmu suna ta mutsu-mutsu, ƙafa ta mutu, ni da Nuraini ko gezau, ai zaman tahiya ne. An kai mu dashen shinkafa, na shiga taɓo da zanina na ɗaure, manomin ya ce ba yau na fara ba. Akwai kuma wani waken suya da suke ruɓarwa, mai yauƙi da wari, wanda suke ba baƙi don su ga yadda za su yamutsa fuska. Da aka buɗe shi kowa ya ja baya, ni kuwa hawaye ne ya kusa zubo mini, don warin daddawa ne. Ranar Lahadi na saya na jefa a miyar kukar da Inna ta daka mini, na tuƙa tuwon shinkafa, na kira Malama Mori. Ta ci da hannu yadda na nuna mata, ta nemi ƙari. Ɗanyen kifi ne kawai har na baro ƙasar ban iya ba.

A ƙarshe kowa sai ya yi jawabi da Japananci a gaban malaman sashen. Na yi nawa a kan kunya, yadda mace a wurinmu ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, da yadda su ma suke zagaye magana don kada su kunyata mutum. Na gama ba tare da na duba takarda ba. Wani farfesa ya tambaye ni sunan mijina, na ce ai yanzu na gama bayanin abin da ya sa ba zan faɗa ba, ɗakin ya fashe da dariya da tafi.

Abin da ban sani ba sai da na dawo, a kaset ɗin da Abbanku yake aiko mini ba ya faɗin komai sai alheri. Nura ya yi kwanciya biyu masu tsanani, a ɗaya har an ƙara masa jini, kuma jinin Abbanku aka ɗiba. Ummi, ke kuma da na sauka daga mota kika tsaya bayan Inna kina kallona kamar baƙuwa, kika yi kusan wata kina ce mini Malama. Wannan ya fi kanji zafi. Kwas ɗin Zariya kuwa, ya nema baɗi, ya nema shekarar da ta biyo, sai aka canza tsari aka sa iyakar shekaru, ya wuce. Wanda aka ba gurbinsa shi ne ya zama shugabansa daga baya, kuma Abbanku yana gaishe shi da girmamawa har ya bar aiki. Ni kuma harshen bai zauna a banza ba. Duk lokacin da baƙi daga can suka zo aikin ruwa ko na asibiti ko na shinkafa a jihar nan, ni ake nema. Baffanku Idi ma da aka zo haƙa rijiya a unguwarsu, shi ya aiko a ɗauke ni, ya zaunar da ni a gaba yana gaya wa mutane matar ƙaninsa ce.

Kwana kaɗan da dawowata, bayan masu zuwa sannu da zuwa sun ragu, Inna ta gaya mini maganar jinin. Na same shi bayan la'asar yana wanke babur a tsakar gida. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na tsaya a kansa na rasa ta inda zan fara, daga ƙarshe na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya matse tsumman ya shanya a kan sirdi, ya jawo tabarma ya zauna, ya nuna mini gefensa.

“Zauna ki ba ni labari,” ya ce. “Tun daga ƙofar jirgi. Kada ki tsallake komai, ko abin da kika riga kika faɗa a kaset. Ni ma ina da rabo a tafiyar nan, ina so in ga abin da kika gani.”

Na zauna na fara. Ba mu kai ko sauka daga jirgin ba aka kira magariba, ya ce gobe ma ci gaba daga nan. Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar har damina ta sake faɗuwa.